Ciwon Farce Na Fangas: Abin Da Ke Kawo Shi, Da Dalilin Da Ya Sa Maganinsa Yake Ɗaukar Watanni

Akwai ƙorafin da masu kemis da ma'aikatan asibiti suka saba ji daga bakin masu fama da lalacewar farce. Mutum ya sayi man shafawa, ya shafa safe da yamma har ya ƙare, ya sake sayen wani, amma farcen yana nan yadda yake: ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, bakinsa yana marmashewa kamar katakon da gara ta ci. Daga nan sai ra'ayi ya rabu. Wani ya ce maganin jabu ne, wani ya ce sanyi ne ya yi wa jiki yawa, wani ya danganta abin da ƙarancin jini, mace kuwa sau da yawa sai ta rufe shi da lalle ta haƙura. Mafi yawan wannan ruɗani daga wuri biyu yake fitowa. Na farko, ba kowane lalataccen farce ne yake ɗauke da fangas ba. Na biyu, wanda yake ɗauke da shi ba ya gyaruwa cikin mako biyu ko wata guda komai ingancin maganin, saboda farce abu ne mai jinkirin tsirowa.

Mene ne fangas, kuma me yake nema a farce?

Fangas wasu ƙananan halittu ne dangin funfunar da ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu a wuri mai ɗumi. Wasu daga cikinsu suna rayuwa a jikin mutum, kuma su ne ke haddasa makero a kan yara, da ƙyasfi, da cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa. Jinsinsu daban yake da na bakteriya, don haka kafson da ake fasawa a barbaɗa a kan gyambo, ko allurar kashe bakteriya, ba su da wani tasiri a kansu.

Farce da gashi da saman fata duk an gina su ne da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, kuma akwai rukunin fangas da abincinsu ke nan. Wanda ya fi kowanne yawan kama farce a duniya shi ne Trichophyton rubrum, kuma shi ne dai yake yawan kawo cin ruwa. Rukuni na biyu shi ne Candida, wanda ya fi kama faratan hannu na mutanen da hannunsu ba ya rabuwa da ruwa. Na uku kuma funfunar ƙasa ce da ta tsirrai, irin su Fusarium da Neoscytalidium, waɗanda aka fi samu a ƙasashe masu zafi, har da Afirka ta Yamma, musamman a wurin masu shiga gona ko laka ba takalmi. Wannan rabe-rabe yana da amfani ga majiyyaci, domin maganin da yake kashe rukunin farko cikin sauƙi yakan gaza a kan na uku.

Yadda ciwon yake shiga

A mafi yawan lokuta ciwon ba daga farce yake farawa ba, daga fata yake farawa. Mutum yakan yi watanni ko shekaru da cin ruwa ko saɓar tafin ƙafa, yana ɗan sosawa yana mantawa, sai fangas ɗin ya lallaɓa ta ƙarƙashin bakin farce ya samu mafaka inda sabulu da iska ba sa kaiwa. Abin da yake buɗe masa ƙofa shi ne rauni: tuntuɓe, ko bugun ƙwallo, ko takalmin da ya matse babban yatsa, ko yankan farce da aka zurfafa har aka taɓa nama. Shi ya sa faratan ƙafa suka fi na hannu kamuwa nesa ba kusa ba, kuma babban yatsa ne kan gaba.

Fangas yana son ɗumi da laima da duhu, kuma takalmi sau-ciki da safa a lokacin zafi sun haɗa ukun. Sojoji da 'yan sanda da masu gadi da ɗalibai da 'yan ƙwallo suna cikin waɗanda yanayin aikinsu ya fi jawo musu shi, haka ma manoman fadama da ke wuni cikin takalmin roba. A ɓangaren hannu kuwa, matan da ke wanki da wanke-wanke kullum, da masu wankin mota, da masu sayar da abinci, su ne fatar gindin farcensu take jiƙewa ta saki, ta kumbura ta yi ja, Candida ya samu hanya.

Akwai tambayar da ake yawan yi game da alwala. Wanke ƙafa sau biyar a rana tsabta ce, kuma ruwan kansa ba shi ne yake kawo ciwon ba. Matsalar tana zuwa ne idan aka zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa da takalmi ba a bari tsakanin yatsu ya bushe ba, ko aka taka daɓen da kullum yake jiƙe wanda mutane da yawa suke takawa, ko aka yi karo-karon silifas ɗaya a bakin famfo. Ɓurɓushin fatar mai cin ruwa yana iya zama a irin waɗannan wurare, kamar yadda yake zama a banɗakin makarantar kwana.

Sai kuma kayan yankan farce. Mai yankan farce da ke yawo da almakashi da ɗan soso da ruwan kumfa yakan yi wa mutum goma ko fiye aiki a wuni ɗaya da kaya iri ɗaya, yana kankare gefen farce yana sharewa. Ruwan kumfa ba ya kashe fangas, kuma idan aka ɗan yanki nama, haɗarin ya wuce na farce, domin ciwon hanta nau'in B yana iya bi ta wannan hanya. Haka abin yake a shagunan gyaran farce na mata, inda ake kankare saman farce a manna na roba, laima ta maƙale a tsakani.

Jikin mutum ma yana da nasa rabon. Tsufa yana rage saurin tsirowar farce da gudun jini a ƙafa, don haka ciwon ya fi yawa a wurin dattawa, yara kuwa ba kasafai suke kamuwa ba. Masu ciwon sukari, da masu cutar da ke karya garkuwar jiki, da masu shan magungunan da ke danne garkuwa, da masu matsalar jijiyoyin jini a ƙafa, duk sun fi saurin kamuwa, kuma ya fi yi musu wuyar tafiya.

Alamomi, da abubuwan da ke kama da shi

Nau'in da aka fi gani yana farawa ne daga baki ko gefen farce da wani ɗan tabo fari ko rawaya, sannan ya riƙa tafiya a hankali zuwa gindi. Farcen yana yin kauri, wani gari-gari yana taruwa a ƙarƙashinsa, ya ɗaga daga naman da yake manne da shi, wani lokaci ya yi wari. Idan aka bar shi shekaru, farcen gaba ɗaya yakan ruguje ya zama dunƙule mai wuyar yankewa. Akwai nau'in da yake tsayawa a sama kawai, ya yi fari-fari kamar an goga alli, kuma shi ne mafi sauƙin magani. Akwai kuma wanda yake farawa daga gindin farce, wanda ba a cika ganinsa ba, kuma idan likita ya gan shi yakan nemi a duba garkuwar jikin mutum. Da farko babu zafi, abin da ya sa mutane da yawa suke sakaci. Zafin yana zuwa daga baya, lokacin da kaurin farcen ya fara gogar takalmi, ko ya hana mutum durƙusawa da zaman tahiya cikin daɗi.

Likitocin fata sun kiyasta cewa kusan rabin cututtukan farce ne kawai fangas yake haddasawa. Sauran rabin yana da dalilai daban. Farcen da takalmi ya daɗe yana bugu yana yin kauri ba tare da wata ƙwayar cuta ba. Cutar fata mai sa saɓa da ake kira soriyasis tana ɓata farce har ƙwararre ya kasa bambancewa da ido. Farcen da ya koma kore galibi bakteriya ce ta shiga ƙarƙashinsa. Ɗan karkare kuma, mai zugi da ƙaba da hana barci, ciwo ne na gaggawa da yake tasowa cikin kwanaki, ba kamar fangas da yake tafiyar hawainiya ba. Abin da ya fi buƙatar kulawa shi ne baƙin layi a tsawon farce. A wurin baƙar fata irin wannan layi abu ne da aka saba gani, musamman idan ya fito a farata da yawa kuma bai canza ba. Amma idan farce ɗaya ne, layin yana ƙara faɗi, ko baƙin ya malala zuwa fatar gindin farce, ko wurin yana jini, to wajibi ne likita ya gani da wuri, saboda akwai nau'in ciwon daji na fata da yake farawa haka.

Gwaji kafin magani: ra'ayoyi biyu

Hanyar tabbatarwa ita ce a yanko ɗan farcen, a kankaro garin da ke ƙarƙashinsa daga wuri mafi kusa da lafiyayyen ɓangare, a kai ɗakin gwaji. A can ana narkar da shi da wani sinadari a duba da madubin likita, kuma ana iya samun wannan sakamako a rana ɗaya. Idan ana son sanin ainihin jinsin fangas ɗin, sai an shuka shi an jira ya tsiro, abin da kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, kuma wani lokaci ba ya tsirowa ko da yana nan, sai an sake.

Mafi yawan ƙwararru suna ganin bai kamata a fara shan ƙwaya ba sai an tabbatar, domin babu hikima a ɗora wa hanta magani na wata uku a kan ciwon da mai yiwuwa ba shi ba ne. Wasu likitoci kuma suna ganin idan alamomin sun fito fili, ga cin ruwa a ƙafar, ga farce ɗaya ko biyu sun lalace daga baki, kuma ɗakin gwaji yana da nisa ko tsada, ana iya fara magani a sa ido. Duka ɓangarorin suna da hujja. Sai dai ra'ayi na biyu ya ginu ne a kan idon wanda ya san cututtukan fata, kuma ba ya nufin mutum ya kalli ƙafarsa ya yanke wa kansa hukunci, ko yaron kemis ya yanke masa. Idan kuma aka yi zagayen magani ɗaya babu canji, to gwaji ya zama dole.

Ƙwaya ko na shafawa?

Dalilin da ya sa man shafawa na yau da kullum yake gazawa a bayyane yake. Fangas ɗin yana zaune a ƙarƙashin farce, farcen kuma garkuwa ce mai tauri da man ba ya iya ratsawa. Man yana warkar da cin ruwan da ke fata, kuma hakan yana da amfani, amma ba ya kai wa ga inda ciwon farcen yake. Mafi muni shi ne mayukan nan masu haɗi uku da ake sayarwa don kowane irin ƙaiƙayi, waɗanda wasu kuma suke amfani da su don hasken fata. Suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda yake kwantar da ƙaiƙayi nan take amma yake raunana kariyar fata, fangas ya ƙara bazuwa. A Indiya an danganta yawan amfani da irin waɗannan mayuka da yaɗuwar wani jinsi mai taurin kai, Trichophyton indotineae, wanda sau da yawa ba ya jin babban maganin da aka dogara da shi, kuma yanzu an same shi a ƙasashe da dama.

Wannan babban magani shi ne ƙwayar sha mai suna terbinafine, kamar yadda ake rubuta sunansa a kan kwali. Ga babba, yawanci miligiram 250 ne sau ɗaya a rana, mako 6 don faratan hannu, mako 12 don na ƙafa. A gwaje-gwajen da aka yi a kan faratan ƙafa, fangas ya mutu a wurin kusan mutum 70 cikin 100, amma waɗanda farcensu ya koma daidai sarai kamar bai taɓa ciwo ba kusan 38 ne cikin 100. Wannan tazara tana da muhimmanci, domin tana nuna cewa ana iya kashe ƙwayar cutar farcen ya ci gaba da ɗan kauri, musamman idan gindinsa ya daɗe da lalacewa. Illolinsa sun haɗa da ɓacin ciki, da ƙuraje, da ɗaukewar ɗanɗano na wani lokaci, kuma a wurin mutane ƙalilan yana taɓa hanta. A Najeriya wannan batu ba ƙarami ba ne, saboda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawansu ba su sani ba. Don haka gwajin hanta kafin farawa yana da hujja mai ƙarfi. Wanda ya ga idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ya ji tashin zuciya da kasala marar dalili, ya dakatar da maganin ya koma asibiti.

Na biyu shi ne itraconazole, wanda ake iya sha mako ɗaya a huta mako uku, zagaye biyu don hannu, uku don ƙafa. Ya fi terbinafine aiki a kan Candida, amma ba a ba mai raunin zuciya, yana karo da magunguna da yawa, ciki har da wasu na rage kitsen jini, kuma maganin olsa yana rage shigarsa jiki. Fluconazole kuma sau ɗaya ake sha a mako, amma don faratan ƙafa sai an yi watanni shida zuwa shekara. Griseofulvin, wanda aka sani da maganin makero, tsohon magani ne da nasararsa a farcen ƙafa take da ƙaranci duk da tsawon lokacin da ake shansa. Ƙwayar ketoconazole kuwa, hukumomin magunguna na Turai da Amurka sun taƙaita ta tun 2013 saboda illarta ga hanta, kuma ba a amince a sha ta don ciwon farce ba. Mai shan maganin tarin fuka ya sanar da likita, domin rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana rage ƙarfin waɗannan magunguna a jini. Mai ciki da mai shayarwa kuma ana ba su shawarar jinkirta ƙwayar, tunda ciwon ba na gaggawa ba ne.

Akwai magungunan da aka yi musamman don farce, waɗanda ake shafawa kamar jan farce, irin su amorolfine da ciclopirox. Ba sa taɓa hanta, amma nasararsu ba ta kai ta ƙwaya ba. Da ciclopirox, bayan mako 48 ana shafawa kullum, waɗanda suka warke sarai ba su kai 10 cikin 100 ba, da efinaconazole kuma, wani na shafawa da aka amince da shi a Amurka a 2014, sun kai 15 zuwa 18. Sun fi dacewa da ciwon da bai wuce rabin farce ba kuma bai taɓa gindi ba, ko da wanda ba zai iya shan ƙwaya ba. Wasunsu suna bushewa su bar shafi a kan farce, don haka Musulmin da aka rubuta wa irinsu yana da kyau ya tambayi likita yadda ake cire su, ya kuma tambayi malami hukuncin alwala da su. Idan farcen ya yi kauri ƙwarai, rage shi da goga ko tausasa shi da man shafawa na asibiti mai sinadarin yuriya mai ƙarfi yana taimaka wa kowane magani. Cire farce gaba ɗaya ba tare da magani ba kuwa ba ya warkarwa, domin sabon zai tsiro ne a kan naman da fangas yake ciki.

Lalle, tafarnuwa da sauran dabarun gida

Ganyen lalle yana da sinadarin da aka ga yana hana wasu nau'o'in fangas girma a ɗakin gwaji, haka ma tafarnuwa da man zafi mai mentol. Amma abin da ya yi aiki a faranti daban yake da abin da zai ratsa farcen ƙafa, kuma babu babban gwaji a kan mutane da ya tabbatar da cewa waɗannan suna warkarwa. Jan lalle na gargajiya galibi ba ya cutar da farce, illa dai yana rufe launin farce, likita ya kasa ganin iyakar ciwon, majiyyaci kuma ya kasa sanin ko ana samun sauƙi. Ɗaure tafarnuwa a yatsa ta kwana tana ƙona fata. Kalanzir da fetur da ruwan batir da ruwan bilic na wanki, waɗanda wasu suke ɗigawa, suna cinye naman gefen farce su bar gyambo, kuma ga mai ciwon sukari wannan gyambo yana iya zama mafarin rasa yatsa.

Wa ya kamata ya nemi magani, kuma yaushe za a ga sakamako?

Dattijo mai lafiya wanda farcensa ɗaya ya yi kauri, ba ya masa zafi, ba ya damunsa, yana iya zaɓar ya riƙa yankewa yana gogewa kawai, kuma likitoci da yawa sun yarda da wannan. Mai ciwon sukari ba shi da wannan zaɓi cikin sauƙi, domin kaifin lalataccen farce yana iya yankar yatsan da ke kusa ba tare da ya ji ba, tsagewar cin ruwa kuma ƙofa ce ga bakteriya. Shi da mai raunin garkuwa, da wanda ciwon ya kama masa farata da yawa ko yake hana shi tafiya, su ne ya kamata su je asibiti ba tare da jinkiri ba, kuma kada mai ciwon sukari ya sa reza a ƙafarsa.

Farcen hannu yana tsirowa kimanin milimita 3 a wata, na ƙafa kuwa milimita 1 ko ɗan fiye. Maganin ba ya gyara ɓangaren da ya riga ya lalace, aikinsa shi ne ya bar sabon da ke fitowa ya fito da lafiya. Don haka farcen hannu yana buƙatar wata 4 zuwa 6 kafin ya sauya gaba ɗaya, babban yatsan ƙafa kuma wata 12 zuwa 18. Wanda ya gama ƙwayar mako 12 ya ga farcensa har yanzu rawaya ne, bai kamata ya ɗauka an cuce shi ba, kuma bai kamata ya ƙara wa kansa wasu watanni na magani ba. Wurin dubawa shi ne gindin farce. Idan akwai tsiri mai tsabta da yake ƙara faɗi wata bayan wata, magani ya kama. Ɗaukar hoton farcen da waya sau ɗaya a wata yana sauƙaƙa wannan kwatanci.

Ta fuskar aljihu, wata uku na ƙwaya da gwajin hanta kuɗi ne masu ɗan nauyi, kuma abin da yake yawan faruwa shi ne mutum ya sayi na mako biyu, kuɗi su yanke, ya dakata, ya sake komawa bayan wata. Irin wannan shan magani na tsinke-tsinke ba ya kashe fangas, asara ce kawai. Ya fi a lissafa kuɗin zagayen gaba ɗaya kafin a fara, a saya a wurin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kan kwali.

Ciwon yana dawowa a wurin mutane da yawa bayan sun warke, galibi daga tsohon takalmi, ko cin ruwan da ba a magance ba, ko wani ɗan gida da yake ɗauke da shi. Abin da yake rage haka shi ne a tsane tsakanin yatsu bayan wanka da alwala kafin a sa safa, a canza safa kullum, a riƙa shanya takalmi a rana ana hutar da shi, a magance cin ruwa da zarar ya ɓullo, a yanke farce a miƙe ba tare da tono gefensa ba. Wanda kuma ya saba da mai yankan farce na unguwa, yana iya ajiye nasa almakashin ya riƙa miƙa masa duk lokacin da ya zo.